Ma'aikaci Mai Yawan Fashi: A Yi Haƙuri, A Yanke Albashi, A Sauya Tsari, Ko A Sallame Shi?

A babban kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata, mutum ɗaya yana iya ƙin zuwa aiki har a tashi ba wanda ya lura. Ƙaramar sana'a ba ta da wannan sararin. A gidan burodi mai ma'aikata biyar a Tudun Wada da ke Kaduna, idan mai kwaɓi bai iso da asuba ba, fulawa tana nan a buhu, tanda ta yi zafi a banza, masu sari da suka jeru da baburansu a ƙofa kuma ba za su tsaya jira ba, za su wuce gidan burodi na gaba, wasunsu ma daga ranar sun sauya wurin sari ke nan. Haka abin yake a shagon ɗinki a Kasuwar Barci idan mai aikin wuyan riga ya ɓace saura mako guda Sallah, ko a kantin magani a Kawo da ba ya buɗuwa sai wanda ya san farashi da mazaunin kowane magani ya iso. Mai sana'ar da Allah ya haɗa shi da ma'aikaci irin wannan, wanda ya iya aikinsa amma ba a iya dogaro da zuwansa, yakan tsinci kansa tsakanin hanyoyi huɗu: ya ci gaba da haƙuri, ya riƙa yanke masa albashi, ya sauya tsarin aikin da na biyan, ko ya sallame shi. Kowace tana da inda ta dace da inda take ɓarna, kuma abin da na lura shi ne yawancin masu sana'a suna zaɓa ne bisa zafin ranar da abin ya faru, tun ba su san irin fashin da suke fama da shi ba.

Don haka aikin farko shi ne rubutu. Littafi mai arha ya isa, a ja layi a rubuta rana, da lokacin da ma'aikacin ya iso ko bai iso ba, da dalilin da ya bayar, da kuma abu ɗaya da ya fi dukkan waɗannan muhimmanci, wato ko ya sanar kafin lokacin fara aiki ko kuwa sai da aka yi ta kiran wayarsa. A riƙa cike littafin ga dukkan ma'aikata, har da wanda bai taɓa makara ba, don kada ya zama an sa wa mutum ɗaya ido. Bayan mako huɗu zuwa shida shafin da kansa zai nuna abin da ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa. Maigidan da ke cewa yaronsa "kullum ba ya zuwa" yana iya samun kwana uku ne a wata, dukkansu a makon ƙarshe. Wanda kuma ke ganin abin bai kai a damu ba yana iya ƙirga kwana bakwai ya sha mamaki.

Inda fashin yake faɗawa a cikin wata ko shekara shi ke nuna tushensa. Wanda yake zuwa daidai har zuwa wajen 20 ga wata sannan ya fara ɓacewa, galibi kuɗin mota ne ya ƙare masa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haye 1,000 a 2024, kuma kuɗin keke da na bas sun bi ta. Mai zama a Rigasa ko Rigachikun ko Maraban Jos da ke aiki a Kakuri ko Barnawa yana hawa abin hawa biyu ko uku kafin ya iso, ya sake hawa haka da yamma. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka yawancin yaran shaguna suna karɓar abin da bai kai haka ba, kuma daga cikinsa ake fitar da kuɗin zuwa aikin. Wanda kuwa yake ɓacewa kwana biyu ko uku da zarar an biya albashi, matsalarsa daban ce, mai yiwuwa bashi ne yake zagayen biya, ko tafiya gida wurin iyali, ko kuma abokai da shaye-shaye. Wanda fashinsa ke tashi da faɗuwar damina ya sake dawowa lokacin girbi, yana da gona a Soba ko Giwa ko Ikara ko Lere, kuma a lissafinsa masarar da zai ci shekara da ita ta fi albashin mako biyu. Akwai mai fama da zazzaɓin cizon sauro a kai a kai, da mai cutar sikila da ya ɓoye don tsoron kada a ƙi ɗaukarsa, da matar da ita kaɗai ce mai kai yara asibiti. Akwai kuma wanda ya samu wani abin yi, yana karɓar keke yana ja a ranakun da ciniki ya fi kyau. Kuma wajibi ne maigida ya duba nasa ɓangaren: idan albashi yana kai wa 10 ga sabon wata ba a biya ba, fashin da ke biyo baya daga gare shi ya faro.

Hanyar haƙuri ita ce ta fi kusa da tarbiyyarmu, kuma tana da wurinta. Ma'aikacin da ya shekara uku ko huɗu ba a taɓa kuka da shi ba, sai ga shi mahaifiyarsa ta kwanta jinya ya fara fashi, wannan haƙuri ne haƙƙinsa, kuma maigidan da ya tsaya masa a irin wannan lokaci yakan samu riƙon amanar da kuɗi ba ya saya. Sharaɗin shi ne matsalar ta kasance sananniya, mai iyaka, kuma an zauna an yi magana a kanta. Haƙurin da ke cutarwa shi ne na shiru, inda maigida ke haɗiye fushi, yana gunaguni wurin matarsa da maƙwabtan shago, amma bai taɓa zaunar da yaron ya faɗa masa kai tsaye ba. Wannan yana da tsada ta fuska biyu. Sauran ma'aikata su ke ɗaukar nauyin wanda bai zo ba, suna kuma gani a ƙarshen wata an biya kowa daidai, kuma ba a daɗewa mafi ƙwazo a cikinsu zai fara tambayar kansa amfanin sammakonsa. Shi kuma mai fashin, da yake ba a taɓa ja masa kunne ba, yana ɗauka an yarda da halinsa, har ranar da tura ta kai bango a kore shi a gaban kwastomomi ba gargaɗi ba komai. A ganina wannan zalunci ne gare shi shi ma, domin an hana shi damar gyarawa tun abin yana ƙarami.

Yanke albashi shi ne abin da yawancin masu sana'a ke fara kai hannu gare shi, kuma shi ya fi bukatar a tsaya a duba da kyau, domin abubuwa biyu ne mabambanta ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne ƙin biyan ranar da ba a yi aiki ba kuma ba a nemi izini ba. Wannan yana da tushe a hankali da addini, domin lada a kan aiki yake, kuma Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu shi ne tara, wato a ce duk wanda ya yi fashin kwana ɗaya za a cire masa kuɗin kwana biyu ko uku, ko wanda ya makara da minti talatin a cire masa kuɗin rabin yini. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, kamar yadda take a kundin dokokin tarayya na 2004, ta hana wannan a sashe na 5: ba a yarda ubangida ya cire kuɗi daga albashi da sunan tara ba, kuma ko asara ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, sai an samu rubutaccen izinin jami'in ƙwadago kafin a cire. Sashen ya kuma iyakance jimillar abin da za a cire a wata ɗaya, kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci damar karɓar albashinsa har na kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ce ta hana shi zuwa kuma likita mai rajista ya ba da takarda. Saboda haka wanda ya kawo takardar asibiti ta gaskiya, cire masa kuɗin waɗannan ranaku ya saɓa wa doka.

Ko da an tsaya a kan nau'in da ya halatta, sai a tambaya ko yana magance matsalar. A ɗauka albashin yaro naira 52,000 ne, ana aiki kwana 26 a wata, kuɗin yini ɗaya ya kama 2,000. Idan fashinsa na rashin kuɗin mota ne, cire masa 6,000 na kwana uku yana nufin wata mai zuwa kuɗinsa zai ƙare tun kafin 20 ga wata, fashin ya ƙaru, a sake cirewa, a haka har ya bar aikin da kansa ko a kore shi. Idan kuwa keke yake ja a ranakun da ba ya zuwa kuma yana samun abin da ya fi 2,000, to an sanya wa fashin farashi ne kawai, farashin da yake iya biya da murna, kuma daga ranar ba zai ƙara jin nauyi ba tunda a ganinsa ya biya. Shi kuma gidan burodin da ya rasa cinikin safiya guda, asararsa ta ninka 2,000 sau da yawa, kuɗin da aka cire bai mayar da komai ba. Inda na ga wannan hanya tana aiki shi ne a kan matashin da ba shi da wata matsala sai sakaci da son barci, wanda bai taɓa haɗa zuwansa aiki da abin da ke shiga aljihunsa ba. Shi ma ɗin sai an faɗa masa ƙa'idar tun farkon wata, an yi wa kowa ita daidai, an kuma nuna masa littafi ranar biya ya ga ranakun da idonsa. Wasu masu sana'a suna juya abin, su ware wani ɗan alawus da ake ba duk wanda ya cika wata bai yi fashi ba tare da izini ba. Wannan ya fi tsabta ta fuskar doka, ya kuma fi daɗin karɓa, muddin ƙari ne na gaskiya a kan albashin, ba wani yanki aka gutsure daga cikinsa aka sauya masa suna ba.

Hanya ta uku, sauya tsari, ita ce ta fi wahalar tunani, kuma a ganina ita ta fi ceto ma'aikacin kirki. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙodago gida biyu: wanda aka ɗauka don lokacinsa, yana cancantar lada ne da miƙa kansa ga aiki a lokacin da aka yi yarjejeniya, da wanda aka ɗauka don wani aiki ayyananne, yana cancantar lada idan ya kammala shi. Yawancin rigimar fashi tana tasowa ne daga ɗaukar mutum a tsari na farko alhali rayuwarsa ta fi dacewa da na biyu. Tela, kafinta, mai walda a Panteka, mai gyaran waya, duk waɗannan ana iya mayar da su kan jinga ko kamasho, a biya su bisa adadin rigunan da suka ɗinka ko ƙofofin da suka haɗa. Da zarar an yi haka, ranar da bai zo ba shi ya rasa, kuma maigida ya huta da ƙirga sa'o'i. Amma wannan yana da nasa farashin da ya kamata a sani tun farko. Mai jinga yakan yi sauri don ya tara adadi, sai a ƙara sa ido kan ingancin aiki. Ba ya jin nauyin share shago ko koya wa yara ko tsayawa da kwastoma, tunda ba a biyansa don waɗannan. Kuma lokacin da aka fi bukatarsa, kamar goman ƙarshe na azumi, shi ne lokacin da wasu shagunan ke zawarcinsa da farashi mafi tsoka. Ban da haka, akwai ayyukan da ba sa karɓar jinga ko kaɗan: mai tsaron kanti, mai karɓar kuɗi, mai zama a kan na'urar POS, maigadi. Waɗannan kasancewarsu a wurin ita ce aikin, kuma wanda ba a iya dogaro da zuwansa bai dace da su ba kowane irin tsari aka yi.

Sauya tsari ba lallai ya kai ga jinga ba. Wanda kuɗin mota ke kayar da shi, raba masa albashin ya fi komai sauƙi: a ware kuɗin mota a riƙa ba shi duk ranar Asabar ko kullum da yamma, sauran a ba shi a ƙarshen wata. Maigida bai ƙara ko kwabo ba, amma fashin makon ƙarshe yakan ragu ƙwarai. Mai gona a ƙauye, a zauna da shi tun watan Afrilu a yanke ranakun da zai tafi shuka da noma da girbi, a rubuta, a nemo wanda zai riƙe wurin, hutun ya zama ba albashi ko a haɗa da hutunsa na shekara, wanda sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ya sa aƙalla kwana 6 na aiki ga wanda ya cika wata 12 yana aiki. Tafiyar da aka sani tun wata biyu kafin ta zo ba ta rushe sana'a. Wadda ake wayar gari a tarar an yi ta ita ke rushewa. Matar da ke kai yara makaranta ana iya mayar da ita zuwa aikin rana, mai ciwon da ke tashi lokaci lokaci a ba shi aikin da wani zai iya karɓa nan take, a kuma duba yiwuwar yi masa rajista a tsarin taimakekeniyar lafiya na jihar Kaduna da hukumar KADCHMA ke gudanarwa, domin da yawa suna kwana uku a gida suna shan maganin kemis ne saboda tsoron kuɗin asibiti. Idan bashin albashi za a bayar don fitar da shi daga wani ƙunci, sashe na 4 ya ce kada ya wuce albashin wata ɗaya, kuma a raba karɓarsa a kan aƙalla wata uku. Mai juna biyu kuwa ba ta cikin lissafin masu fashi: sashe na 54 ya ba ta mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki, ya kuma hana a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu.

Duk wani sauyi irin wannan sai da yardar ma'aikacin, kuma daga zama ake fara shi. Yadda ake zaman yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A yi shi bayan an rufe shago, ba a gaban sauran yara ba, da littafin a buɗe a tsakani. Na fi ganin amfanin maigidan da zai ce, "Ɗana, ga ranakun da ba ka zo ba a watan nan, biyar ne, huɗu daga ciki sai da na neme ka. Faɗa mini gaskiyar abin da ke faruwa, in abin da zan iya ne mu gyara tare." Yaro da yawa a nan ne zai sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Alhaji, kuɗin mota ne, ina jin nauyin in tambaye ka," ko ya faɗi ciwon da ya daɗe yana ɓoyewa. Wani kuma zai kawo rasuwa ta huɗu a wata biyu, labarinsa na yau ya saɓa da na makon jiya, kuma wannan ma amsa ce. A ƙarshen zaman a fitar da abu uku a rubuce: abin da maigida zai yi, abin da ma'aikacin zai yi, da ranar da za a sake zama, wata ɗaya ko biyu nan gaba. Cikin abin da ake bukata daga ma'aikacin, wanda ba a sassautawa shi ne sanarwa, ko da saƙon waya ne tun dare ko kafin asuba, domin da ita ake neman madadi. Idan akwai wanda ya kawo shi ko ya tsaya masa, kawunsa ko malaminsa ko wani dattijon unguwa, a sanar da shi tun a wannan mataki. A Kaduna maganar irin wannan mutum takan fi takardar gargaɗi nauyi, kuma idan daga baya abin ya kai ga rabuwa, ba zai ce an yi ba da saninsa ba. Idan alamu sun nuna shaye-shaye ne, idanu da magana da ɓacewar kuɗi, to iyayensa ya kamata su sani, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa inda ake kula da masu wannan matsala. Yanke albashi ko faɗa ba ya warkar da ita.

Sallama ita ce ta ƙarshe, amma akwai inda jinkirta ta kuskure ne. Wanda aka zauna da shi, aka sauƙaƙa masa abin da ya ce shi ne matsalarsa, wa'adi ya cika littafi bai sauya ba. Wanda aka kama da ƙarya a kan dalilin fashinsa fiye da sau ɗaya. Wanda makullin shago ko kuɗin ciniki ke hannunsa ya kashe waya ya yi ɓatan dabo, waɗannan riƙe su cutar da sauran ma'aikata ne da iyalin mai sana'ar. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta haɗa siffofi biyu ga mafi alherin wanda za a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, kuma gwanintar hannu ba ta cike gurbin amana idan ta ɓace. Sai dai a yi lissafin abin da sallamar za ta ci. Sabon mai kwaɓi ko sabon tela yana bukatar makonni kafin ya san hannun gidan, a cikinsu za a yi asarar kaya, wasu kwastomomi kuma mutumin suke bi ba shagon ba. Kuma babu tabbacin sabon ba daga Rigasa zai riƙa zuwa da irin wannan albashin ba. Idan tushen fashin yana cikin tsarin aikin, sauya mutum ba ya kawar da shi.

Idan an yanke shawarar rabuwa, a yi ta bisa ƙa'ida. Sashe na 11 na dokar ya tsara notis bisa daɗewar ma'aikaci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Notis na mako ɗaya ko sama da haka dole ya kasance a rubuce, kuma ana iya biyan kuɗin kwanakin a madadinsa, wanda sau da yawa ya fi alheri a ƙaramin shago, domin zama da wanda ya san an sallame shi yana da wuya ga kowa. Dokar ta bar ƙofar kora nan take ga babban laifi, amma ban ba da shawarar a dogara da ita a kan fashi ba sai in an riga an yi gargaɗi a rubuce an kuma ba shi dama ya kare kansa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin shari'ar aiki, tana da reshe a Kaduna, kuma hukunce-hukuncenta sun karkata ga neman ubangida ya nuna dalili mai ƙarfi da kuma cewa ya saurari ma'aikacin. Gaskiya ne yaran shago kaɗan ne ke zuwa kotu. Sun fi kai ƙara wurin mai unguwa ko shugabannin kasuwa ko ofishin 'yan sanda. A duk inda aka je, littafin halarta da takardar gargaɗi mai sa hannu su ne za su yi wa maigida magana. Riƙe albashin ƙarshe don huce haushi kuwa ba shi da madogara a doka ko a addini, hadisin da ya ce a ba ɗan ƙodago ladansa kafin guminsa ya bushe bai ware wanda aka rabu da shi cikin ɓacin rai ba.

Akwai yanayi guda da ya fi dukkan waɗannan ɗaure kai, kuma shi ya fi yawa a garin nan: mai fashin ɗan'uwa ne, ɗan yaya ko ƙanen mata. Dokar Ƙwadago da kanta, a sashe na 91, ta fitar da iyalin ubangida daga ma'anar ma'aikaci, amma matsin da ke kansa ya fi na doka, domin kowace magana tana komawa gida. A nan yanke albashi yakan zama abin gori a taron dangi, haƙurin shiru kuma yana koya wa sauran ma'aikata cewa ƙa'ida ta bare ce kawai. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a raba taimako da aiki. Idan niyyar ita ce a taimaki ɗan'uwa, a taimake shi da kuɗin makaranta ko ɗan jari ko a kai shi koyon sana'a wurin wani, a cire shi daga gurbin da sana'ar ta dogara da shi, a kuma yi maganar da iyayensa kafin a yi da shi.

Idan aka jera hanyoyin a gaban littafin, zaɓin yakan fito fili. Tsohon ma'aikaci mai sanarwa da wata lalura mai wucewa ta same shi, haƙuri mai wa'adi. Wanda fashinsa ke bin ƙarshen wata ko damina ko ciwo, kuma yana faɗin gaskiya, sauya tsari, wanda sau da yawa ba ya cin kuɗi. Matashi mai sakaci, ƙin biyan ranar da bai zo ba tare da gargaɗi, ba tara ba. Gwanin da hankalinsa ya rabu tsakanin shagon da wani neman, jinga idan aikin yana karɓarta. Wanda ba ya sanarwa, yana ƙarya, an ba shi dama bai ɗauka ba, sallama da cikakken haƙƙinsa. Kowace aka ɗauka, akwai aiki biyu da suka rage a wuyan maigida. Ya koya wa mutum na biyu duk wani aikin da rashin mai yinsa ke tsayar da sana'ar, kwaɓi ne ko yanka ko lissafin ciniki, ya kuma ajiye makulli na biyu a hannun wani. Sannan duk wanda zai ɗauka nan gaba ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce, kamar yadda sashe na 7 ya wajabta a cikin wata uku na farko, da Hausa idan ita yake karantawa, a bayyana lokacin zuwa da tashi, ranar hutun mako, lokacin sallar Juma'a ko zuwa coci ranar Lahadi, wanda za a kira idan uzuri ya taso da ƙarfe nawa, da abin da zai biyo bayan fashi na farko da na biyu da na uku.